Firaktikal ɗin Bayoloji a WAEC: Inda Maki Ke Zubewa

Jarrabawar Bayoloji ta WAEC takardu uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na canki-canka, minti 50, maki 50. Ta biyu ta rubutu ce, awa ɗaya da minti 40, maki 70. Ta uku ita ce firaktikal, awa biyu, maki 80. Ke nan wadda ta fi kowacce nauyi ita ce wadda yaranmu suka fi sakaci da ita, musamman a makarantun da ba a buɗe ɗakin gwaji sai ana sauran mako biyu. Abin yana da ciwo, domin yawancin makin da ake asara a nan ba rashin karatu ke jawo shi ba. Yaro ya san kyankyaso sarai, ya haddace sassansa, amma hannunsa bai taɓa zana shi bisa ƙa'ida ba.

Zane shi ne babbar matsala, don haka bari mu tsaya a kansa. Mai duba takarda ba kyau yake nema ba, abubuwa yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya: take, girma, tsabtar layi, sunayen sassa, da ninkin girma. Idan an ce zane ya kasance tsakanin santimita 8 zuwa 10, ka ɗauki rula ka sa ɗigo biyu a takarda kafin ka fara, ka tsaya a tsakaninsu. Santimita 12 ya faɗi, ko da ya fi na littafi kyau. Fensir ya zama HB mai tsini, layi ya tafi a ja ɗaya, ba a yi ta karce-karce kamar gashi ba. Ba a yin inuwa, ba a sa launi, ba a zane da biro.

Layin da ke nuna sashe da rula ake jan sa. Ya taɓa sashen da ake nufi daidai, kada ya tsaya a iska, kada ka sa masa kan kibiya, kada biyu su gitta juna. Sunan a rubuta shi a kwance a ƙarshen layin. Kuma tun da da Ingilishi ake amsawa, harafi ɗaya ya kuskure a sunan sashe, makin ya tafi. Layi ɗaya da ya taɓa ƙafa ɗaya, sunan tilo zai ɗauka, ba jam'i ba. Take kuwa ya faɗi ta inda ka kalli abin: ta baya, ta ciki, ta gefe, yankan tsaye ko yankan kwance.

Ninkin girma lissafi ne na aji ɗaya, amma shi aka fi mantawa. Ka raba tsawon zanenka da tsawon abin da ke gabanka. Kyankyaso mai santimita 4, zane mai santimita 8, sai ka rubuta x2 a ƙasan zanen, ba tare da santimita ba. Ka auna da gaske. Ƙwayar wake mai santimita 1 da aka zana santimita 9 ba za ta zama x2 ba.

Kuskure na biyu shi ne rubuta hadda maimakon abin da ido ya gani. An ajiye maka ƙadangare an ce ka kawo siffofin da ake iya gani, sai ka ce yana da huhu. Gaskiya ne, amma ba ka gan shi ba, don haka babu maki. Ɓawon jiki, farce, jela, su ake so. In an tambayi yadda siffa ke taimakon dabba, sai ka haɗa biyu: ƙafafun bayan fara dogaye ne masu ƙarfi, don tsalle. Rabi kawai ba ya wadatarwa. A jadawalin bambanci, layi guda ya yi magana kan abu guda: fara ƙafa shida, kaska takwas, fara jikinta kashi uku, gizo-gizo kashi biyu. Wanda ya sa ƙafa a hagu, fiffike a dama, bai kwatanta komai ba.

Gwajin abinci a sauƙaƙe yake in an bi matakai. Aidin a kan sitaci yana ba da shuɗi mai duhu kamar baƙi. Ruwan Benedict ko Fehling sai an ɗumama kafin sukari irin gulukos ya ba da jan ƙasa-ƙasa irin na bulo. Sukarin shayi ba zai canza ba kai tsaye: sai an tafasa shi da tsarmammen asid na HCl, an kashe kaifin asid ɗin da soda, sannan a sa Benedict. Wanda ya tsallake kashe kaifin ba zai ga komai ba, domin Benedict ba ya aiki cikin asid. Furotin kuma a fara zuba ruwan sinadarin NaOH, a biyo da ɗigon ruwan sinadarin CuSO4 mai shuɗi kaɗan, sai ya koma shunayya. In aka cika ɗigon, shuɗinsa ya rufe launin. Mai yana barin tabo a takarda wanda haske ke ratsawa. A rubuce, ka raba uku: abin da ka yi, abin da ka gani, hukuncin da ka yanke.

Sunan kimiyya harafin farko na kalmar farko ne kaɗai babba, kuma kowace kalma da nata layin a ƙasa: Zea mays masara, Vigna unguiculata wake, Arachis hypogaea gyaɗa.

A takardar rubutu, tambayar gadon halitta daga iyaye ba ta cika ɓacewa ba, kuma sikila ce misalin da ya fi kusa da mu. AS da AS suna ba da AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ka nuna iyaye, ƙwayoyin haihuwa a cikin da'ira, sannan 'ya'ya, domin kowane mataki da makinsa. Ma'anar kuma ita ce kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu dole ba.

Jerin samfura, wato abubuwan da ake cewa za a ajiye maka ranar firaktikal, da ake yawo da shi a WhatsApp kada ya ruɗe ka. Sanin sunan abu bai koya wa hannu zana shi ba. Kusan duk abin da ake kawowa yana gida ko kasuwa. Ka jiƙa wake da masara kwana ɗaya ka ɓare, ka yanka tumatir da lemo a kwance da a tsaye ka dubi inda 'ya'yan suka maƙale, ka raba albasa biyu, ka samo karfasa da tarwaɗa ka jera su, ka roƙi mahauci ƙashin wuya da na gadon bayan akuya. Na wuya yana da ƙananan ramuka a gefe biyu inda jijiyar jini ke bi, na gadon baya daidai ƙirji kuma doguwar ƙaya ce a samansa. Zane ɗaya kullum, cikin minti 15, da rula a hannu, sannan ka kai wa malami ya duba da jan biro.