Haruffan kamfanin Hajiya

Talata. Tun bayan sallar asuba nake kan aikin Hajiya mai kamfanin yaji da ƙuli-ƙuli. Maganar launi da tambari ta ƙare tun makon jiya. Saura salon haruffa, wanda zai hau leda da kwali da allon shago da tallan Facebook.

Ita dai akwai wanda ta gani a jikin kwalin wani turare, siriri mai lanƙwasa, shi ne ya kwanta mata a rai. Na nemo shi, kuma gaskiya yana da kyau. Sai na rubuta layin da nake gwada kowane salo da shi: ƙuli-ƙuli mai ɗanɗano, gyaɗa ba ɓawo. Nan take asiri ya tonu. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa, kwamfuta ta aro su daga wani salon ta cusa. Ƙ ɗin ta fito da kauri, ta ɗara sauran tsayi, kamar facin atamfa a jikin shadda. Abin nan yana ci mini rai, don shi ya sa allunan shaguna da yawa suke zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, mu kuma har mun saba, ba ma ko gani.

Da hantsi na kai mata takardu biyu na shimfiɗa a kan tebur, ban ce komai ba. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan ƙ ɗin.

“Ɗana, wannan me ya same ta?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, wanda ya zana haruffan bai san da mu ba.”

Daga nan magana ta yi sauƙi. Na nuna mata Noto Sans na Google, da Charis da Andika na SIL, wata ƙungiya mai nazarin harsuna. Dukansu suna da haruffanmu, manya da ƙanana, har da ƴ, wadda ba za mu tsallake ba tunda kayanta suna shiga Maraɗi da Damagaram, inda ake rubuta ta a maimakon 'y. Kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su kyauta. Andika don masu koyon karatu aka zana ta, shi ya sa harafi ba ya rikicewa da ɗan'uwansa. Na so ta sosai, amma a babban allo ta yi mini kama da littafin firamare.

Mun tsaya a kan biyu: Charis mai kauri don sunan kamfani, Noto Sans don bayanin kayan haɗi da farashi da lambar NAFDAC. Bayan azahar na biya wurin masu buga sitika, aka fitar da gwaji daidai girman da zai hau ƙaramar leda. Na riƙe shi nesa da tsawon hannu, ƙugiyar ɗ tana nan sarai, alamar ₦ ma ba ta cushe ba.

Ɗazu da zan bar wurin Hajiya, har na kai ƙofa ta ce tana son sunan da ajami a ƙasan na boko, saboda dattawan da ke sayen yajinta. Wannan ya faranta mini rai. Akwai Alkalami, shi ma na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, irin hannun da muka tashi da shi a makarantar allo. Na sauke shi a daren nan. Gobe zan kai wa malaminmu ya duba mini wasulan kafin a buga.