Na kai agugu gaban alƙalansa a Kew

Jami'in kwastan ɗin bai ko ɗago ya dube ni ba. Ya ja kwalin, ya yanke igiyar da na ɗaure shi da ita, ya shiga buɗe tsofaffin jaridun da na jera busassun ganyen a cikinsu kamar mai neman kuɗin jabu. Na miƙa masa izinin tattara tsiro, da izinin fitar da shi, da wasiƙar gayyata. Ya ture su gefe, ya ɗaga ganye ɗaya ya girgiza, ƙura mai ruwan ƙasa ta zubo kan tebur. Ya ce wannan garin mene ne? Garin da ya zubar shi ne rabin dalilin tafiyata. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya ji shawarata: ya aika samfurinsa ta hannun wata ma'adanar tsirrai zuwa wata, da takardun a manne a bayan kwali, kada ya riƙo shi a hannu. In kuma akwai agugu mai tsayin bishiya na jinsin Cyathea a ciki, sai an ƙara da izinin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, domin yana cikin tsirran da ake sa ido kan cinikinsu.

Agugu nake kiran dukkan dangin, ko da yake sunan na ɗaya ne daga cikinsu. Tsirrai ne da ba sa fure, ba sa 'ya'ya. Sabon ganyensu yakan fito a nannaɗe kamar gammo, sannan ya warware, kuma suna yaɗuwa ne da wata ƙura da ke taruwa a bayan ganye. Rarrabuwar da masana suka amince da ita a 2016, wadda ake kira PPG I, ta lissafa nau'i fiye da 10,000. Nawa guda uku ne, duk daga dajin kan dutse mai yawan hazo, duk na jinsin Asplenium, kuma na kasa daidaita ko ɗaya da abin da littattafan da ke hannuna suka siffanta, shi ya sa na kai su Kew in ga ko sababbin nau'i ne.

Jirgin ƙasan layin District ne ya sauke ni a tashar Kew Gardens, kudu maso yammacin Landan. Masu yawon buɗe ido suna bin babbar ƙofar lambun tsirrai na Kew, mai aiki kuwa sai ya zagaya ta gefen filin Kew Green inda ginin ma'adanar busassun tsirrai yake. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne an raba ni da kwalina tun a bakin ƙofa. Duk busasshen tsiron da ya zo daga waje sai ya yi kwanaki a firiza mai tsananin sanyi kafin ya shiga, don a kashe ƙwari da ƙwansu. Na yi gunaguni a zuci, amma na san gaskiyarsu. A wajenmu na sha buɗe kabad in tarar ƙwaro ya mayar da aikin shekara goma gari, saboda an shigo da kwali ɗaya ba a duba ba.

An kafa ma'adanar a 1853, kuma yanzu tana riƙe da samfuri kusan miliyan 7. Tsofaffin ɓangarorinta hawa-hawa ne, da matakalar ƙarfe mai murɗawa, kabad na bin kabad har ido ya gaji. Agugu na da gata a nan tun fil azal. William Hooker, wanda ya karɓi shugabancin lambun a 1841, ya kwashe kusan shekara ashirin yana fitar da littafinsa mai juzu'i biyar a kansu, R. E. Holttum kuma ya ƙare rayuwarsa a nan yana warware na yankin Malesiya, wato tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Sau da yawa sai ka ɗaga takarda ka ga rubutun hannun ɗayansu da fensir a gefe.

Wata dattijuwa mai kula da sashen ce ta karɓe ni. Ta ba ni tebur kusa da taga, da madubin ƙara girma, da allurai biyu. Ranar da kwalina ya fito daga sanyi ta zauna tare da ni. Ba ta dubi ganyen ba sam. Ta juya samfurin farko ta nufi gindi, ta ce, "Ina ɓawon saiwar?" Na wanke shi ne a rafi da burushi don ya yi kyau a takarda, na kankare ƙananan ɓawon da ke lulluɓe saiwar mai rarrafe. A Asplenium wannan ɓawon shaida ce babba. A ƙarƙashin madubi yana kama da raga mai baƙin zare, kuma tsawonsa, launin bakinsa, da ko yana da haƙora, su ne ke raba nau'in da ganyensu ke kama da juna. Allah ya taimake ni, kwafi biyu daga cikin biyar ban wanke su ba.

Wannan ya sa nake gaya wa duk mai tattarawa: a ciro tsiron da saiwarsa, a karkaɗe ƙasar da yatsa kawai. A ɗauki ganye mai ƙura da marar ƙura, domin a wasu nau'in siffarsu ta bambanta. In za a danne, a kifa ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, don da zarar an manne shi a takarda ba a sake juya shi. Ganyen da ya fi takarda tsawo a lanƙwasa shi, kada a datse. A yanki ɗanyen ganye kamar faɗin babban yatsa a jefa a leda da silika, sinadarin da ke tsotse danshi, mai nauyinsa kamar sau goma, ya bushe cikin kwana ɗaya, don gwajin DNA. Wanda aka jiƙa da sinadarin barasa a daji kafin a busar, da wuya ya ba da DNA mai kyau. A rubuta a wurin ko a kan dutse ya tsiro, ko a ƙasa, ko a jikin bishiya, da tsayin wurin daga teku. Busasshen ganye ba ya faɗin wannan.

Daga nan aikin ya zama na haƙuri. Ka ɗauko jakar kowane nau'in da ya yi kusa da naka, ka shimfiɗa, ka kwatanta. Jakunkuna masu jan baki su ne na samfurin asali, wato ainihin tsiron da aka rataya wa suna ranar da aka raɗa shi, kuma shi ne alƙali in gardama ta tashi. Ana duba sau nawa ganyen ya rarrabu, ko jijiyoyinsa sun haɗu ko kowace ta tafi ita kaɗai, launin sandar ganyen daga gindi zuwa sama, da yadda tarin ƙurar ya kwanta. A Asplenium yakan kwanta a dogon layi bisa jijiya, da siririn murfi manne ta gefe ɗaya. A wani jinsin kuwa, Dryopteris, tarin zagayayye ne, murfinsa kamar ƙoda.

Na farko bai kai la'asar ba ya faɗi. Na same shi tsaf a wata takarda ta ƙarni na 19, an ba shi suna tuntuni, daga baya wani ya cusa sunan ƙarƙashin wani nau'in, shi ya sa littattafaina ba su nuna shi ba. Raina bai so ba, amma in ka buga suna a kan abin da ke da suna, dokar fifiko, wadda ke bai wa sunan farko rinjaye, za ta mayar da naka tarkace, kuma sunanka na manne da kuskuren har abada.

Na biyu ƙurarsa ce ta tona shi. Ana ɗauko jakar ƙura guda wadda ba ta fashe ba da bakin allura, a sa a ɗigon gilisarin kan gilashi, a rufe, a danna a hankali, a ƙirga. A yawancin agugu masu haihuwa ta hanyar da aka saba za ka sami ƙwaya 64, masu kama da wake, girmansu ɗaya. In ka sami 32 manya, galibi tsiron yana haifar kansa ne ba tare da barbara ba. Nawa kuwa ƙwayoyinsa a yamutse suke, baƙaƙe, wata babba wata kamar ɓurɓushi. Alamar ruwa biyu ke nan: nau'i biyu sun haɗu sun haifi bakarare. Wannan ba sabon nau'i ba ne, ko da ana iya ba shi suna da alamar × a gaba. Dangin Asplenium aethiopicum sun yi ƙaurin suna wajen wannan rikici, domin a cikinsu akwai masu ninki huɗu na ƙwayoyin gado, da masu takwas, da masu goma sha biyu.

Na uku ya tsaya da ƙafarsa. Ƙwaya 64, lafiyayyu. Na auna tsawon guda 30 ban da rigar wajensu, na kwatanta da na makusantansa biyu, ga kuma ɓawon saiwa mai dogon bindi da babu irinsa a jakunkunan da na buɗe. Dattijuwar ta duba, ta ce kada in yi murna tukuna, in je in ga na sauran ma'adanai.

Tsadar Landan kuwa ba a magana. Ɗakin da na kama, in na miƙe hannu biyu sai in taɓa bango da bango, kuma kuɗin jirgin ƙasa na safe ya fi na tsakar rana, abin da sai da na yi kwana uku na gane. Mutanen ma'adanar ba sa doguwar gaisuwa, "barka" ɗaya ce sai kowa ya sunkuya. Na ɗauka girman kai ne, har ranar da wani da bai taɓa ce mini uffan ba ya ajiye mini kwafin wata tsohuwar maƙala a tebur, ya sa alama a shafin da nake nema.

Dokar raɗa suna ba ta da tsauri yadda ake zato, amma ba ta yafiya. Tun 1 ga Janairu 2012 ana iya rubuta siffantawar da Ingilishi ko Latin, kuma mujallar intanet mai lambar rajista ta ISSN ta wadatar. Dole a ayyana samfurin asali guda ɗaya, a faɗi ma'adanar da yake. Sunan nau'in ya bi nahawun sunan jinsin: Asplenium ba namiji ba ne ba mace ba, don haka siffarsa takan ƙare da -um. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a 2024 ya ƙara cewa daga 2026 ana iya soke sabon sunan da ya ci mutuncin wata al'umma. Sai zane mai ma'auni, da jadawalin bambanci da makusanta, da gwajin DNA a gurbi irin rbcL da trnL-F, da kimanta haɗarin ƙarewa bisa ma'aunin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, inda ake auna mazauni da murabba'i mai tsawon kilomita 2 da faɗin kilomita 2. Tsiron da aka sani a wuri ɗaya tak, mazauninsa murabba'in kilomita 4 ke nan a takarda.

Na yi yini biyu a gidan tarihin halittu na South Kensington, inda A. H. G. Alston ya yi aikin littafinsa na 1959 kan agugun Afirka ta Yamma. Babu nawa a can. Ma'adanar Edinbara, awa huɗu da rabi a jirgin ƙasa daga King's Cross, ruwan sama, jaka goma sha ɗaya, babu. Na ma'adanar Faris na duba hotunansu a kwamfuta, sai dai hoto ba ya nuna bakin ɓawo, don haka na cika takardar neman aron guda huɗu. Na bar kwafi ɗaya a Kew, ledar silikar kuma ta wuce ɗakin gwaji.