Wai bindigar yara ce

Na san har yau bidiyon nan yana cikin wayoyin wasu a wurin aikinmu. Ni ne a ciki, zaune kan benci a wani filin gwajin harbi da ke bayan garin Columbus na jihar Ohio a Amurka, jini na bin girata, ƙarti uku na ƙyalƙyala dariya a bayana.

Hira ce ta jawo. A jihar Ohio in kaka ta kama, wanda bai san zancen barewa ba sai ya ci abincinsa shi kaɗai. Ran nan na sa baki, na ce ni ma ɗan maharbi ne, mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a dajin Rugu, kakana kuwa na hannun daman Sarkin Baka ne a ƙauyenmu da ke ƙasar Batsari. Ban ƙara gishiri ko kaɗan ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce to in zo ranar Asabar a gani. Da na je, ya miƙo mini bindigarsa mai lamba 12, irin wadda ake sa wa curin dalma guda ɗaya mai nauyin kusan giram 28, da madubin hange a samanta. Ya fi kowa sanin yadda take dukan kafaɗa. Yana kallo na manna idona kusa da madubin, bai ce uffan ba, sai ma ya zaro waya. Ina taɓa kunama bindigar ta yo baya, bakin madubin ya tsaga mini gira.

Raunin bai daɗe ba ya warke. Abin da ya ƙi warkewa maganar da ya faɗa ce ina riƙe da goshi: “Ku samo wa ɗan maharbin Afirka bindiga .350, ta yara da mata.” A gida baƙo ko abokin gabarka ne, ba ka miƙa masa makami ka ɓoye masa halinsa. Na daina zama da su lokacin hutu, a mota nake cin abincina. Maiɗakina ta yi ta cewa in manta, farauta ba ita ta kawo mu ƙasar nan ba. Gaskiyarta. Amma sunan Baba na ambata a gabansu, shi suka yi wa dariya.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda danginsa ke da gona a gundumar Coshocton, shi ya ga tabon ya tambaya. Da ya ji labarin bai yi dariya ba, ya ce in biyo shi garejinsa. Ya jera mini harsasai a kan tebur. Ɗaya kwansonsa mai faɗi ne a ƙasa sannan ya tsuke a wuya kamar gora, sauran kuwa miƙaƙƙu ne sambal daga gindi har baki. Ya ce mai tsukakken wuyan nan ba a harbin barewa da shi a Ohio. Yana cin albarushi da yawa a bayan siririn harsashi, don haka in ka kuskure dabba sai ya yi tafiya mai nisa, ga shi yawancin yammacin jihar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, gona na haɗe da gona, gida na hango gida. Shi ya sa shekara da shekaru bindigar dalma da ta ɗuri suka fi yawa a hannun mafarauta a nan. A 2014 aka yarda a riƙa amfani da bindiga mai harsashin miƙaƙƙen kwanso, saboda harsashinta mai kauri ne, bai kai wancan gudu ba, yana saurin yin ƙasa. Jihar Michigan ma ta buɗe wannan ƙofa a kudancinta a shekarar, da sharaɗin tsawon kwanson kada ya wuce inci 1.8, Iowa kuma ta biyo baya a 2017.

Daga nan kamfanoni suka shiga gasa. Akwai .450 Bushmaster, harsashinta ya kai giram 16, tana kayar da barewa nan take amma kafaɗa na ji a jika. Akwai tsohuwar .45-70 ta sojan Amurka tun 1873, wadda dattijon ya ce sai mai ƙashi. Ita kuwa .350 Legend da aka zage ni da ita, kamfanin Winchester ne ya fito da ita a 2019, ya yanka kwansonta inci 1.71 don ta shiga cikin dokokin jihohin nan, harsashinta tsakanin giram 10 zuwa 12. A 2023 sai ga .360 Buckhammer da .400 Legend. Ya ɗauki .350 ɗin ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce da ita yake fita yanzu, kuma ya fara farauta tun kafin a haifi wanda ya yi mini bidiyo. Mutumin da ke tsoron dukan bindigarsa, in ji shi, yana runtse ido ya fizgi kunama, harsashi ya sami dabba a ciki ko a cinya, ta gudu ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Wanda bindigarsa ba ta firgita shi kuwa idonsa a buɗe yake har harsashi ya isa. Cikin yadi 200, ƙaramar nan ta wadatar.

Wannan magana ta zauna mini, don ta dace da abin da na tashi da shi. Na ƙara tambayar malaminmu a masallaci, ya ce in yi bisimilla lokacin harbi, in na tarar da dabbar da sauran rai in yanka. To musulmin da ya san haka, me zai yi da bindigar da za ta sa ya raunata dabba ta ɓace masa?

Na yi kwas ɗin da ake wa sabon mafarauci, na yanki lasisi da takardar barewa, dangin dattijon suka sa mini hannu a takardar izinin shiga gonarsu, don a nan ba ka taka gonar mutum da bindiga sai da izini a rubuce. Makon harbin bindiga yana farawa ranar Litinin da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Dole ka sa riga ruwan lemo mai ƙyalli, harsashi kuma kada ya wuce uku a cikin bindiga. Ina sa rigar nan sai na tuna ta Baba, rinanniya da bagaruwa, layu ɗinke a ƙirji, wadda in ya tsaya a gindin marke ba ka bambance shi da itacen.

Sanyin asubar nan ban taɓa jin irinsa ba. Na yi salla a bakin mota, yatsuna sun ƙage. Hantsi bai gama fitowa ba sai ga barewa daga gefen karan masara, mace ce babba, tana taku tana ɗaga kunne, tururi na fita daga hancinta. Na sa saiti a bayan kafaɗarta, na yi bisimilla. Bindigar ta ɗan ture ni kawai, idona bai bar madubi ba, na ga inda harsashi ya shiga. Ta yi ɗan gudu ta faɗi a bakin rafi. Dattijon ya dafa ni ya ce aiki ya yi kyau. Ban kai hoton wurin aiki ba, ba su cancanci gani ba.

Baba na kira, tun wuƙa na hannuna. Sai da Yaya ta kara masa wayar a kunnen hagu, don na dama ya daɗe da mutuwa.

“Baba, na kayar da barewa.”

“Auta, kai da kanka? Harbi nawa?”

“Ɗaya, Baba.”

“Ka yi bisimilla?”

“Na yi.”

Ya yi shiru, sannan ya tambayi wa ya ɗura mini albarushi. Na ce a nan a ɗure ake sayar da shi, awo ɗaya kullum, kuma wannan ba ta dukan kafaɗa. Ya ce bindigar da ba ta dukan mai ita, anya tana kisa? Na ce masa har lokacin masu bindigar ɗuri ake warewa a watan Janairu, Turawa da kuɗinsu suna ɗura ta baki irin tasa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, ya sa na maimaita wa Kawu.

Bayan na ajiye wayar ne abin ya taso mini. Bindigar tokar Baba maƙerin garinmu ne ya ƙera ta, albarushin kuma da ido yake auna shi a tafin hannu, in gwanki yake nema ya ƙara. Tun ina yaro nake ganin Inna tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi da man kaɗanya duk daren da ya dawo. Yau hannun daman nan ba ya ɗaguwa sama da kai, ko hula da hagu yake sawa. Mutumin da ya ciyar da gida goma da naman gada da na barewa, ana yi masa magana sai an ɗaga murya kamar ana faɗa. Da ya sami irin wannan da suke kira ta yara, da kunnensa da kafaɗarsa ba su tafi da wuri haka ba, kuma ba na jin akwai wanda zai kalle shi ya ce ba namiji ba ne.

Dajin ma ya fi ƙarfinsa yanzu. Rugu ta zama ta 'yan bindiga, mutanen ƙauyenmu da yawa sun watse, Baba da Inna suna ɗaki biyu na haya a cikin Katsina, ni da Yaya muke biya. A nan Ohio an ce a farkon ƙarnin da ya wuce barewa ta ƙare ƙarƙaf, sai a 1943 aka sake buɗe farautarta, yanzu ana kashe fiye da dubu 200 a shekara ba ta ragu ba, har gonar bayan gida take shigowa ta ci furanni. Mu kuwa yaran gidanmu da aka haifa a birni ba su taɓa ganin gada da ido ba. Naman da na samu ya cika firinji, maiɗakina ta yi dambu da farfesu, muka raba wa 'yan uwa Hausawan Kumasi da na Nijar da muke salla tare. Wanda na fi so ya ɗanɗana ba hanyar kai masa.

Bindigar tokar tana hannun ɗan Kawu, wanda ya ƙi barin ƙauye, da ita yake kwana a bakin gari tare da 'yan sa-kai. Da ya ji labarin barewata ya turo mini saƙon murya, wai tunda na san bindiga yanzu in taimaka masa da kuɗi ya sayi wadda ta fi wannan. Na ce a'a, kuɗin mota da na haya zan ba shi ya kwaso matarsa da 'ya'yansa su dawo Katsina. Ya yi fushi, ya ce gonar kakanmu fa, wa zai bar wa? Har yanzu bai ƙara ɗaga wayata ba. Yaya ta ce in bar mata shi, za ta je da kanta ranar kasuwar Batsari in hanya ta yi kyau, ni kuma in ji da kuɗin likitan kunnen Baba, wanda ya ce a dawo da shi bayan salla a gwada masa na'urar ji.