Darussa daga ɗakin binciken tsaron intanet a Legas

Duk ɗalibin da ya shigo binciken tsaron sadarwar kwamfuta, da tsofaffin tarin bayanai yake farawa: KDD Cup 99, ko NSL-KDD da aka tace daga cikinsa a 2009, ko CICIDS2017 na Jami'ar New Brunswick ta Kanada. Ba a daɗewa ake ganin iyakarsu. KDD 99 ya samo asali ne daga gwajin da aka yi a Amurka a 1998, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari na layukan da ake horar da manhaja da su maimaici ne. Manhajar gano kutse da ta yi zarra a kansa, da ka ɗora ta kan layin jami'a a Legas sai ta rikice. Shi ya sa ko ba daɗe ko ba jima shugaban bincike zai ce a tara "namu na gida". Wannan rubutu na ƙannenmu ne masu zuwa digiri na biyu, daga Kano ko Sakkwato ko nan Agege da Idi-Araba, domin a hannunsu wannan aiki yake faɗawa.

Tarawar ba wuya. Ana buɗe ƙofar madubi, wadda ake kira SPAN, a kan suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a layi), a jona saba (kwamfutar da za ta adana bayanan), a kunna tcpdump ko Zeek, manhajojin naɗar abin da ke wucewa a layi. Abin lura na farko: layin gigabit ɗaya yana ɗaukar gigabit ɗaya shiga, gigabit ɗaya fita. In ka kwafe duka biyun zuwa ƙofa mai gigabit ɗaya, lokacin cunkoso suwic zai riƙa zubar da fakiti, wato ƙunshin bayanai, ba tare da ya gaya maka ba, sai a wajen nazari ka tarar da hirarraki rabi-rabi. Na biyu ya fi haɗari. Mutane da yawa suna saka -s 96 a tcpdump, wato a ajiye bayit 96 na farkon kowane fakiti, suna zaton sun yanke abin da ke ciki sun bar kan fakitin kawai. Yi lissafin. Ethernet bayit 14, IP 20, UDP 8, kan DNS (tsarin tambayar adireshin shafi da sunansa) 12, jimla 54. Saura bayit 42, kuma a nan ne sunan shafin da mutum ya nema yake zaune. Yawancin sunaye suna shiga tsaf. Zeek ma haka yake: dns.log na ɗauke da tambayoyin, ssl.log na ɗauke da sunan sabar da aka ziyarta ko da an rufe hirar da TLS, tsarin ɓoye saƙo, dhcp.log kuma na iya ɗauke da sunan da mai waya ya raɗa wa wayarsa, wanda sau da yawa sunansa ne na yanka.

Babban kuskuren da ya cinye aiki guda a ɗakin da na bari bai wuce umarni ɗaya ba: a markaɗe lambar matirik da lambar waya da adireshin MAC (lambar shaidar na'ura a kan layi) da SHA-256, lissafin da ke mai da rubutu wani jerin alamomi, a tura wa abokan bincike, an gama ɓoye mutane. Ba a ɓoye kowa ba. Gaskiya ne ba a juya SHA-256 baya, amma wa ya ce sai an juya? Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce. Huɗun farko sanannu ne, irin su 0803 da 0805 da 0802. Saura bakwai, wato lambobi miliyan goma a ƙarƙashin kowace. Laftof na yau da kullum zai markaɗe miliyan goman nan cikin ƙasa da minti ɗaya, a jera sakamakon a kwatanta da fayil ɗinka. Lambar matirik ta fi sauƙi, tunda shekarar shiga da sashe suna jikinta. Adireshin MAC bit 48 ne, rabinsa na farko na kamfanin da ya ƙera na'urar ne. Wayoyi sun koma ƙirƙirar adireshin bogi tun Android 10 da iOS 14, amma galibi adireshi ɗaya suke riƙewa ga kowane Wi-Fi, don haka bin sawu yana nan. Kuma ba sabon abu ba ne: a 2014 haka aka tone lambobin tasi na birnin New York da aka markaɗe da MD5, wani lissafin markaɗe irin SHA-256.

Yadda ya kamata a yi shi ne HMAC-SHA-256, wato markaɗe mai makullin sirri, da makullin bayit 32 wanda na'ura ta zaɓo da ka, ba sunan aikin da shekara ba. Makullin ba ya kwana a saba ɗaya da bayanan, ba ya shiga cikin rubutun manhajar da ake ɗorawa a shafin GitHub, kuma in ba a buƙatar haɗa tarin bana da na baɗi, a hallaka shi. Adireshin IP kuwa akwai Crypto-PAn, wanda ke sauya lambar amma ya bar dangantakar rukunin adireshi yadda take.

Ko an yi duk wannan, da sauran rina a kaba, kuma mu abin ya fi shafa. Tuntuni Latanya Sweeney, wata mai bincike a Amurka, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka. A jami'ar Legas ba ka buƙatar abu uku. Ɗauki na'ura ɗaya a cikin tarin: ba suna, ba lamba. Da asuba tana jone da Wi-Fi na kusa da masallaci, tana buɗe BBC Hausa da Aminiya, ƙarfe takwas ta koma ginin injiniya, ranar Juma'a ta ɓace da azahar. Bahaushe nawa ne a wannan sashen? Wataƙila ɗaya. Duk ɗan ajinsu zai kira sunansa nan take, kuma layi na gaba a fayil ɗin shi ne shafin asibitin da ya duba, ko manhajar bashi da ya sauke. Mafi yawan ɗalibai suna ɓacewa cikin taro, tsiraru ne ake tsinta. Maganinsa a rage kaifin bayanan: a dunƙule lokaci zuwa awa, a mai da wurin jonawa zuwa gini ko unguwar makaranta, a mai da sunan shafi zuwa rukuni, duk rukunin da bai kai mutum goma ba a cire shi gaba ɗaya. In tambayar binciken ba ta buƙatar DNS, conn.log, rajistar wa ya haɗu da wa, kaɗai ya isa, sauran kada ma a rubuta su.

A wancan aikin na ɗakin da na bari, an faɗi wannan a taron ɗaki. Amsar ita ce wa'adin rahoton tallafi ya ƙarato, takardar kwamitin ɗa'a "za ta biyo baya". Fayil ya fita ta mahaɗin da duk mai shi zai iya buɗewa. Da sashen kwamfuta na makaranta ya farga, takardar tuhuma ba ta je ofishin wanda ya ba da umarni ba, ta je wa ma'aikacin fasaha da sunansa ke kan rajistar shiga saba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Umarnin na baki ne, a tsaye a baranda, babu inda aka rubuta shi. Saboda haka duk umarnin fitar da bayanai, ka koma tebur ka aika imel mai ladabi: "Ranka ya daɗe, don tabbatarwa, an ce in tura fayil kaza ga wane, ba a kai ga samun amincewar kwamiti ba, in ci gaba?" Kada ka taɓa komai sai amsa ta zo. Wasu manyan ba za su amsa ba, kuma shirun ma ka adana shi.

Doka ba ta san "bincike ne kawai" a matsayin uzurin sakaci ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki duk abin da zai sa a gane mutum, kai tsaye ko a kaikaice, a matsayin bayanin mutum, addini da lafiya da ƙabila kuma suna cikin masu tsananin kariya. In ɓarakar na iya cutar da mutane, awa 72 ke gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, daga lokacin da kuka sani.

Sauran gajeru ne. Manhajar gano kutse mai kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari, a kan haɗi miliyan ɗaya, ƙararrawar ƙarya dubu goma ce, ba mai karanta su. A raba bayanan horarwa da na gwaji bisa lokaci, in an cakuɗa su sakamakon yaudara ne. A daidaita agogon kowace na'ura da NTP, tsarin daidaita lokaci ta intanet, domin bayan an ɗauke wuta sabar da batirin agogonta ya mutu tana tashi da wata shekarar daban. A rufe faifai da LUKS, tsarin kulle faifai na Linux, tun ranar farko, kuma kada tsohon faifan ɗaki ya kama hanyar kasuwar Computer Village ba a goge shi ba. Gwajin kutse sai da takardar izini mai ɗauke da adireshin da aka yarda a taɓa, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ba ta ware ɗalibi ba. Jerin sunayen marubuta kuma a rubuta shi kafin a jona waya ta farko, domin a wancan aikin wanda ya haɗa sabar, ya kuma sha tuhumar, a shafin godiya aka ajiye sunansa.