Jariri mai haƙuri a wurin awo

Yau a wurin awon jarirai wata uwa ta ɗora yaronta ɗan wata 2 a kan sikeli tana ta yabonsa: "Malama, wannan ba ruwansa, ko kuka ba ya yi, sai barci." Sikeli ya nuna kilo 3.6, alhali katinsa ya ce da kilo 3.1 aka haife shi. A watannin farko ana son jariri ya riƙa ƙara gram 150 zuwa 200 duk mako, shi kuwa gram 500 kawai ya ƙara cikin wata 2. Baiwar Allah jira take ya yi kuka kafin ta ba shi nono, shi kuwa halinsa ba na kuka ba ne.

Kuka shi ne alamar yunwa ta ƙarshe. Kafin nan za ki ga yana tsotsar hannu, yana motsa leɓe, yana juya kai yana laluben nono. Mai sanyin hali tashinsa ake yi, ya sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, kuma ya yi fitsari aƙalla sau 6. Mai rigima kuwa da ya motsa sai a ce nono ba ya isarsa, a ɗura masa koko tun bai kai wata 6 ba, ya rage shan nono, gudawa ta biyo baya. Shi dai ihunsa kan sa a kawo shi asibiti da wuri. Tunanina yana kan masu shirun da ke cikin gida, ana yabon haƙurinsu, ba wanda ya kai su awo.