Talata a Santiyago: ƙashin cinya da ma'aunin da bai dace ba

Yau tun ƙarfe tara ina gaban allon awo da ƙashin cinyar wani bawan Allah a hannuna. Ƙasusuwan da muke koyo da su daga babbar maƙabartar Santiyago, babban birnin Chile, aka kwaso su, na mutanen da aka san sunansu da shekarunsu, shi ya sa ake iya gane ko hasashen ɗalibi ya yi daidai.

Na fara da ƙugu don gane ko namiji ne ko mace. Na mace ya fi buɗewa saboda haihuwa, kusurwar da ke ƙasan mara ma ta fi faɗi. Nan ban sha wuya ba. Da Malama ta ɗauke ƙugun ta bar ni da ƙashin cinya kaɗai, sai na koma auna kaurin kansa, wannan dunƙulen da ke shiga cikin ƙugu, wanda galibi na namiji ya fi girma.

Wajen hasashen tsayin mutumin daga tsawon ƙashin ne ta tsayar da ni. Na ɗauko lissafin Trotter da Gleser na 1952 da 1958, wanda na haddace tun a gida. Ta tambaye ni a kan su wa aka gina shi. Sojojin Amurka ne da suka mutu a yaƙin duniya na biyu da yaƙin Koriya. To ina haɗin ƙirar jikinsu da ta talakan Chile? Ta buɗe min aikin Ross da Manneschi na 2011, wanda aka gina a kan 'yan ƙasar, na sake lissafin daga farko.

Da la'asar na taka zuwa Patio 29, wani sashe a cikin maƙabartar. Gicciye ne na ƙarfe duk sun yi tsatsa, da yawa an rubuta NN, wato ba suna. Nan aka binne waɗanda aka kashe bayan juyin mulkin Pinochet na 11 ga Satumba 1973. An tono gawa 126 a 1991, aka ba 96 suna aka miƙa wa danginsu. A 2006 gwajin DNA ya nuna 48 ba su ba ne. Iyaye sun shekara goma suna kuka a kan kabarin ɗan wani. Na daɗe a tsaye, ƙirjina ya yi nauyi.

Gobe ƙashin dantse za mu auna. Na riga na kwafe sabon lissafin a bangon littafina.