Gidan da ƙusa ba ta shiga

Yau a gidan tarihi na birnin Columbus, jihar Ohio ta Amurka, na shiga ɗaya daga cikin gidajen Lustron, wato gidajen ƙarfe da wani kamfani mai suna Lustron ya ƙera a masana'anta. Bango ƙarfe, rufi ƙarfe, an shafe su da irin ruwan langar da iyayenmu mata ke jere da ita. Na ƙwanƙwasa bangon ɗakin kwana, wallahi sai ya amsa kamar fanteka! Ƙusa ba ta shiga, da mayen ƙarfe ake maƙala hoto.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera su, sojoji sun dawo ba muhalli. Kusan 2,500 kamfanin ya yi kafin ya durƙushe a 1950. Har na fito ina tunanin magidancin da ya shigo da gudumarsa ranar tarewa, ya rasa inda zai buga.